Labarin Firdausi, Mai Littafin Sarakunan Farisa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ga labarin wani mutumin Farisa wanda ya ƙare ƙarfinsa da dukiyarsa wajen tattara labarun mutanen farko na ƙasarsu don kada su ɓace.

Ana kiransa Abul Ƙasim Firdausi. An haife shi wajen shekara ta 940, watau Hijira tana da 329, a wani ƙauye kusa da birnin Ɗus cikin ƙasar Hurasana, wadda yanzu yankinta ya ke cikin Iran. Gidansu gidan masu gonaki ne, irin waɗanda Farisawa ke kira dihƙan. Su ne kuwa ma'ajin labarun da, uba ya gaya wa ɗa, ɗa ya gaya wa jika. A lokacin nan Musulunci ya yi kusan shekara 300 a ƙasar, Larabci ya zama harshen ilmi, labarun sarakunan da kuwa suna nema su bi tsofaffi kabari.

Ba shi ya fara aikin ba. A shekara ta 957 hakimin Ɗus, Abu Mansur, ya sa aka tara labarun aka rubuta su a zube. Sa'an nan wani mawaƙi, Daƙiƙi, ya ɗauka zai mai da su waƙa, ya yi baiti wajen 1,000, sai bawansa ya kashe shi. Firdausi ya ɗauki alƙalami wajen 977. Bai binne aikin wanda ya riga shi ba, ya sa baitocin Daƙiƙi cikin nasa littafin, ya kuma faɗi mai su. Wannan amana ce da ya kamata kowane marubuci ya koya.

Ya yi shekara fiye da 30 yana wannan aiki. Cikinsu daular Samaniyawa, masu ƙaunar harshen Farisanci, ta faɗi a 999. Gonakinsa suka lalace, tsufa ya kama shi, ɗansa ya rasu yana da shekara 37. Duk da haka bai ajiye alƙalami ba sai da ya kammala a 1010, Hijira 400. Sunan littafin Shahnama, watau Littafin Sarakuna, baitocinsa wajen 50,000, yana ɗauke da zamanin sarakuna 50, tun daga Kayumarsu na farko har Yazdajirdu na ƙarshe, wanda aka kashe a 651.

To, mene ne a ciki? Akwai Jamshidu, wanda aka ba mulki da sanin sana'o'i, girman kai ya shige shi, daraja ta rabu da shi, ya mutu a wulakance. Akwai Dahhaku azzalumi, wanda macizai biyu suka tsiro a kafaɗunsa, ba sa kwanciya sai an ba su ƙwaƙwalwar samari biyu kullum, har wani maƙeri, Kawa, wanda aka ƙwace wa 'ya'ya, ya ɗaga warkinsa na fata bisa mashi ya zama tuta, talakawa suka bi shi, mulkin zalunci ya rushe. Akwai Rustamu sadauki, wanda ya yi karo da wani saurayi a fagen fama ya soke shi, sai daga baya ya gane ɗansa ne Suhurabu, domin kowannensu an ɓoye masa gaskiyar ɗayan. Mai hankali ya san maciji ba ya tsirowa a kafaɗa. Amma ya san sarkin da ke cin 'ya'yan talakawansa, ya kuma san gidan da ɓoye gaskiya ya rusa.

A nan wani malami zai tuna da abin da ya zo cikin Sira, cewa Nadru ɗan Harisu ya kan zauna a Makka yana ba da labarin Rustamu da Isfandiyaru don ya kawar da mutane daga sauraron Alƙur'ani. Haka ne. Amma a duba, labari ɗaya ne, niyya ce ta bambanta. Nadru ya ɗauke shi don ya yi kishiya da wahayi. Firdausi kuwa Musulmi ne, ya buɗe littafinsa da yabon Allah da na hankali, ya yabi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mai da labarun wa'azi kan adalci da ƙarewar duniya. Kafinsa ma Ɗabari, mai babban tafsiri, ya kawo labarun sarakunan Farisa cikin Tarihinsa. Wuƙa guda ce a hannun mahauci da a hannun ɗan fashi.

Da ya gama, sai ya kai littafin ga Sarki Mahmudu na Gazna, bai kuwa sami abin da ya sa rai ba. Wani marubuci, Nizami Aruli, wanda ya zo bayansa da shekara fiye da 100, ya ruwaito cewa dirhami 20,000 kaɗai aka ba shi, ya ji zafi ya raba su tsakanin mai gidan wanka da mai sayar da abin sha, ya bar garin. Ya ce daga baya sarkin ya yi nadama, ya aika da shuni na dinari 60,000 bisa raƙuma. Ayarin yana shiga ta wata ƙofa, ana fita da gawar Firdausi ta wata. 'Yarsa ta ƙi karɓa, aka kashe dukiyar wajen gyara wani zango na matafiya a hanyar Naisabur zuwa Marwa. Ya kuma ce wani mai wa'azi ya hana a binne shi a maƙabarta saboda saɓanin mazhaba, aka rufe shi cikin lambunsa. Rasuwarsa wajen 1020 ce.

Yanzu sai a auna ribar. Daular Mahmudu ta shuɗe, taskokinsa sun watse. Littafin kuwa, bayan shekara wajen 200, Bundari ya mai da shi Larabci a ƙasar Sham. Aka yi ta kwafarsa daga Hindu har Istanbul, masu ba da labari suna karanta shi ga waɗanda ba su iya karatu ba. A 1934 aka buɗe babban gini bisa kabarinsa don cikar shekara 1,000 da haihuwarsa. Har yau Bafarise yana iya karanta baitocinsa ya fahimta, littafin yana cikin manyan abubuwan da suka riƙe harshen.

Abin lura shi ne, labarin da ba a maimaita shi ba ya kan mutu tare da mai shi, kamar rijiyar da aka daina ɗiba. Wanda ya gaji labari daga tsofaffi, ya rubuta shi, ya faɗi inda ya samo, ya bambance tatsuniya da tarihi, ya fitar da hikimar da ke ciki ga na baya. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu amfanin abin da suka bari. Haza wasalam.