Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato

An haifi Ahmadu Bello a garin Raba, cikin ƙasar Sakkwato, a shekara ta 1910. Shi ɗan zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, ubansa kuwa shi ne hakimin Raba. Amma ko da yake ɗan sarauta ne, bai tashi cikin hutu ba, gama yana ɗan shekara shida ubansa ya rasu.

Da ya yi karatun allo, sai aka sa shi makarantar lardi ta Sakkwato. A shekara ta 1926 aka zaɓe shi zuwa Kwalejin Katsina, inda ake horon malamai. A zamanin nan ba mota a hanyar, sai a ƙasa su kan tafi, shi da 'yan'uwansa ɗalibai, kwana bakwai cikin rana da ƙura. A kwalejin kuma ba wasa: tashi da asuba, karatu mai tsanani, da horo. Ahmadu ya daure har shekara biyar. Ya fita a 1931, ya zama malami a Midil ta Sakkwato, a 1934 kuma aka naɗa shi hakimin Raba.

A 1938 Sarkin Musulmi Hasan ya rasu. Ahmadu ya nemi sarauta, Allah bai ba shi ba, aka naɗa Abubakar. Shi kuwa aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau. Can kuma aka zarge shi a kan kuɗin jangali, har aka yanke masa hukunci. Ya ɗaukaka ƙara a Zariya, aka wanke shi. Waɗannan wahaloli ba su karya masa zuciya ba, sai ma suka ƙara masa haƙuri da sanin halin mutane.

A 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Da ya duba, ya ga Arewa tana baya ƙwarai wajen ilmin zamani, bai ɓoye wannan magana mai ɗaci ba. Gwamnatinsa ta buɗe makarantu da kwalejojin horon malamai, ta aika samari karatu Ingila. A 1962 aka buɗe jami'a a Samaru ta Zariya, aka sa mata sunansa. An kashe shi a Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966. Allah ya jiƙansa.

Ya ku yara, ku dubi manoman Kafur da Malumfashi da Funtuwa. Ba wanda ya kan cika rumbu da masara, ko ya kai auduga kasuwa, sai ya sha zafin noma da damina. Haka karatu yake. In lissafi ya yi wuya, ko malam ya gyara muku kuskure, kada ku yi fushi. Sai an sha wuya a kan sha daɗi.

Tambayoyi
1. A ina aka haifi Ahmadu Bello?
2. Yaya ya kan tafi Kwalejin Katsina?
3. Me ya yi domin gyara ilmi a Arewa?