Amy Carmichael: Matar da Yaran Dohnavur Suka Kira Uwa

Mun san labarin Yusufu a Farawa sura 37, yadda 'yan'uwansa suka sayar da shi ga fatake a kan azurfa ashirin. Sayar da mutum tsohon zunubi ne, kuma a kowane zamani Ubangiji yakan ta da bayinsa su tsaya wa waɗanda aka sayar. Yau za mu duba rayuwar ɗaya daga cikinsu, Amy Carmichael, wadda ta yi shekara 55 a ƙasar Indiya ba ta koma gida hutu ko sau ɗaya ba.

An haife ta ranar 16 ga Disamba, 1867, a ƙauyen Millisle da ke arewacin Ailan. Ita ce 'yar fari cikin 'ya'ya bakwai. Iyayenta masu bi ne, mahaifinta kuma yana da injin niƙan alkama. Sana'ar ta karye, iyalin suka koma birnin Belfas, inda mahaifin ya rasu a 1885. A nan Amy ta lura da 'yan matan da suke aiki a masaƙu. Ba su da kuɗin sayen hular da matan masu hali suke sawa zuwa sujada, sai su yafa mayafi a ka, saboda haka ake musu kallon raini. Ta fara tara su don nazarin Littafi Mai Tsarki, suka yi ta ƙaruwa har aka gina musu ɗakin taro mai ɗaukar mutum 500.

A 1892 ta tabbatar Ubangiji yana kiranta zuwa aikin bishara a ƙetare. Ta nemi zuwa ƙasar Sin, aka ƙi ɗaukarta saboda ciwon jijiya da take fama da shi. A 1893 ta tafi Japan, amma bayan wata 15 rashin lafiya ya fitar da ita. Wani zai ce ƙofa ta rufe ke nan. Ita kuwa ta sake shiri, ta isa Indiya a ƙarshen 1895. Ta koyi harshen Tamil a hannun wani ɗan mishan mai suna Thomas Walker, ta ɗaura irin zanen matan ƙasar, ta shiga zagaya ƙauyukan kudu tana wa'azi tare da wasu mata masu bi 'yan Indiya.

A wancan lokaci akwai wata al'ada a yankin da ake kira devadasi. Iyaye sukan keɓe 'yarsu ƙarama ga allahn wani haikali, a yi biki kamar an aurar da ita gare shi. Talauci, ko mutuwar miji, ko alkawarin da aka ɗauka lokacin ciwo, su ne suke kai iyaye ga haka. Akan koya wa yarinyar rawa da waƙa, idan ta girma kuma sau da yawa ta zama abin biyan sha'awar masu kuɗi. Ba ta da ikon yin aure, ba ta da hanyar fita.

A watan Maris na 1901 wata yarinya 'yar shekara bakwai mai suna Preena ta gudu daga gidan matan haikali. Ta taɓa gudu zuwa wurin mahaifiyarta, aka mayar da ita, aka ƙona mata hannu da ƙarfe mai zafi don ta hankalta. Wannan karon wata mace mai bi ce ta tsince ta, ta kai ta wurin Amy. Daga bakin yarinyar nan Amy ta ji abin da ake yi a ɓoye, ta kuwa ƙi mayar da ita.

Abin da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba. Yara suka fara ƙaruwa, har da jarirai, dole ta bar yawon wa'azin da take ƙauna ta zauna a ƙauyen Dohnavur, kusa da ƙarshen kudancin Indiya, tana goyo da wanki da jinya. Wasu daga jariran farko suka mutu a hannunta. An kai ta ƙara kotu, an yi mata barazanar ɗauri bisa zargin satar yara. Har cikin 'yan mishan akwai waɗanda ba su yarda abin yana faruwa ba, da waɗanda suka ga reno ba aikin bishara ba ne. Littafin da ta fitar a 1903, inda ta faɗi wahalar aikin ba tare da ƙawatawa ba, ya ɓata wa wasu rai har suka so a mayar da ita gida.

Ba ita kaɗai ta ɗauki kayan nan ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata 'yan Indiya irin su Ponnammal su ne suka yi doguwar tafiya don karɓo yara, suka kwana a kan marasa lafiya. Amy ta tsara wurin ya zama iyali, yara suna zama rukuni rukuni a ƙananan gidaje, kowane da mai reno. Suna kiranta Amma, wato uwa a harshen Tamil. Zuwa 1913 'yan mata sun kai 130, a 1918 aka fara karɓar yara maza, daga baya aka gina asibiti.

A 1931 ta faɗa cikin rami ta ji mummunan rauni, ta yi kusan shekara 20 galibi a kwance. Daga kan gadon ta ci gaba da ba da shawara da rubuta littattafai. Ta rayu har ta ga 1947, shekarar da majalisar lardin Madras ta haramta keɓe yara mata ga haikali, bayan doguwar gwagwarmayar 'yan Indiya irin su likita Muthulakshmi Reddy. Ta rasu ranar 18 ga Janairu, 1951, tana da shekara 83. Ta roƙa kada a kafa dutse a kan kabarinta, sai yaran suka ajiye kwanon shan ruwan tsuntsaye, aka rubuta Amma a jiki. Gidan Dohnavur yana nan har yau, a hannun 'yan Indiya.

Abu biyu za mu ɗauka. Na fari, macen da ta tsinci Preena ba ta ƙetare teku ba, idonta kawai ta buɗe. A garuruwanmu ana ɗaukar yara da sunan aikatau ko makaranta a birni, ana yaudarar matasa su bi hamada zuwa Libiya. Kafin mu ba da ɗa, mu binciki inda za a kai shi. Idan muka ga abin da bai kwanta mana ba, mu sanar da fasto da dattawa, mu kai rahoto ga hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin wannan aiki. Na biyu, fitar da mutum somin taɓi ne. Wanda ya kuɓuta yana bukatar gida, sana'a, da ikilisiyar da ba za ta nuna shi da yatsa ba. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa za su iya farawa da mutum ɗaya, kamar yadda Dohnavur ta fara da yarinya ɗaya.

Ubangiji ya ba mu idon gani da zuciyar karɓa. Amin.