George Grant: ɗan tsohon bawa da ya koyar a Harvard, ya kuma ƙirƙiro ɗan turken wasan golf

Duk wanda ya taɓa kallon wasan golf a talabijin, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ya ga yadda ɗan wasa ke sunkuyawa ya soka wani ɗan tsinken itace a ƙasa, ya aza ƙwallo a kansa, sannan ya ja da baya ya kai mata dukan farko. Tsinken bai fi tsawon yatsa ba, yana da araha, kuma in ya karye babu mai waiwayarsa. Turawa suna ce masa ti, mu kuwa bari mu kira shi ɗan turke. Mutumin da hukumar wasan golf ta Amurka ta amince shi ne ya fara ƙirƙiro na itace wani likitan haƙori ne baƙar fata mai suna Dakta George Franklin Grant. Ya yi rajistar abin a shekarar 1899, bai taɓa kai shi kasuwa ba, kuma sai da ya shekara 81 a kabari kafin masu wasan su tuna da sunansa.

An haifi George ranar 15 ga Satumba 1846 a Oswego, wani gari na bakin tafkin Ontario a jihar Niyok. Mahaifinsa, Tudor Grant, cikin bauta ya tashi a jihar Maryland, ya tsere zuwa arewa, ya zauna Oswego yana sana'ar aski. Garin tashar jiragen ruwa ne, ƙetaren tafkin kuma Kanada ce, shi ya sa ya zama ɗaya daga cikin zangunan ƙarshe na bayin da suka gudo daga kudu. George yana da shekara 4 lokacin da aka yi dokar 1850, wadda ta tilasta wa jihohin da ba su da bauta su kama duk bawan da ya gudo su mayar wa ubangidansa. A ƙarƙashin wannan doka ya yi ƙuruciyarsa. Ba a soke bauta a faɗin Amurka ba sai 1865, yana ɗan shekara 19.

Yana da shekara 15 ya samu aiki wurin wani likitan haƙori na garinsu, Dakta Albert Smith, a matsayin yaron aike. A wancan zamani yawancin masu gyaran haƙori a gaban maigida suke koyon sana'ar, kamar yadda ake koyon ɗinki ko ƙira. Daga aike George ya shiga ɗakin da ake haɗa haƙoran roba, hannunsa ya faɗa, daga baya ya yi ƙaura zuwa birnin Boston.

Ya iso a kan gaɓa. A 1867 jami'ar Harvard ta buɗe makarantar likitancin haƙori, shugabanta na farko kuma, Dakta Nathan Cooley Keep, ya tsaya a kan cewa launin fata ba zai hana kowa shiga ba. Baƙar fata na farko da ya amfana da haka shi ne Robert Tanner Freeman, wanda wasu makarantu suka ƙi karɓa tun farko. Freeman ya gama a 1869, amma bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1873. Grant ya shiga a 1868, ya fito a 1870, na biyu ke nan. A 1871 makarantar ta riƙe shi a sashen ƙera haƙoran roba da sauran kayan gyaran baki, abin da ya sa ya zama baƙar fata na farko cikin malaman jami'ar Harvard. Shekara 6 kacal ke nan da soke bauta. Ya yi aiki da makarantar kusan shekara 19.

Ainihin aikin da ya yi wa Grant suna a zamaninsa ba shi da alaƙa da wasa. Akwai jarirai da ake haifa da tsaga a ganɗa, wato rufin baki, wani lokaci har da leɓe. Irin wannan jariri ba ya iya tsotson nono yadda ya kamata, abin da ya sha yakan komo ta hanci, in ya girma kuma maganarsa ta hanci take fita, mutane ba sa ganewa, yara suna yi masa dariya. A yau tiyata ce ke gyara matsalar tun yaro yana ƙarami. A ƙarni na 19 tiyata abin tsoro ce: maganin sa barci sabon abu ne, domin a Boston ɗin ne wani likitan haƙori, William Morton, ya fara nuna shi a bainar jama'a a watan Oktoba 1846, wata guda bayan haihuwar Grant, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba su zo ba sai ƙarni na 20. Grant ya bi ta wata hanya. Yakan ɗauki zubin bakin majinyaci, ya ƙera masa wani faifai daidai da tsagar, wanda in an saka shi zai toshe ƙofar da ke tsakanin baki da hanci. Kowane baki da nasa faifan, domin babu tsaga biyu masu kama ɗaya. Zuwa 1889 ya yi wa mutum 115 wannan aiki, sunansa ya kai har Turai. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nazarin haƙori ta Harvard, a 1881 kuma aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar, waɗanda kusan dukkansu farar fata ne. Cikin masu zuwa ɗakin aikinsa har da shugaban jami'ar kansa, Charles William Eliot.

A ganina, da adalci ake bi, da wannan aiki ya kamata a fara tuna shi. Amma ɗan tsinke ne ya riƙe sunansa.

Golf ya shigo Amurka da ƙarfi a shekarun 1890, daga Sikotlan, inda aka rubuta dokokinsa na farko tun 1744. An kafa hukumar wasan ta Amurka a 1894. Grant, wanda a lokacin ya kusa shekara 50 kuma yana da rufin asiri, ya kamu da son wasan. Yakan buga a wani fili kusa da gidansa na Arlington Heights, a wajen Boston, ƴarsa Frances tana ɗaukar masa sanduna. Wasan dai ramuka 18 ne, kuma a farkon kowane rami doka ta yarda ɗan wasa ya ɗaga ƙwallonsa daga ƙasa kafin ya buga. Amfanin haka a fili yake: in ƙwallo tana sama kaɗan, kan sandar zai same ta tsaf ba tare da ya tono ƙasa ba, sai ta tashi ta yi nisa. Matsalar ita ce da me za a ɗaga ta. A wancan lokaci akwatin rairayi ake ajiyewa a wurin, sau da yawa da bokitin ruwa a gefe. Ɗan wasa ko yaronsa ya ɗebi jiƙaƙƙen rairayi, ya murza ɗan tudu da yatsu, ya aza ƙwallo. Sau 18 ke nan a wasa ɗaya, hannu na ɓaci, ga sanyin Boston, kuma tudun yanzu ba ya yin tsayi ɗaya da na ɗazu. Mutumin da ya saba auna bakin ɗan Adam da ma'aunin milimita ba zai daɗe yana haƙuri da wannan ba.

Abin da ya zana kashi biyu ne. Na ƙasa itace ne mai tsini da ake sokawa a ƙasa, na sama kuma ɗan bututun roba mai laushi wanda ƙwallo ke zama a bakinsa. Hikimar tana cikin robar: in sanda ta zo da ƙarfi sai ta lanƙwashe ta ba da hanya, ba ta tare dukan ba, turken kuma ya tsaya inda yake. Haɗa abu mai tauri da mai laushi aikin likitan haƙori ne na kullum, kuma roba tana cikin kayan da Grant ya shekara talatin yana sarrafawa. Abin dariya ma, ƙwallon golf ta zamanin da ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya ake yin ta, mai suna gutta-percha, ƙaron da har gobe likitoci ke cike saiwar haƙori da shi. Ranar 12 ga Disamba 1899 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba Grant takardar mallaka mai lamba 638,920.

A nan ya kamata a yi hattara, domin a shafukan sada zumunta ana yawan ƙara wa labarin gishiri. Ba Grant ne ya fara tunanin maye gurbin rairayi ba. A 1889 wasu ƴan Sikotlan biyu, William Bloxsom da Arthur Douglas, sun yi rajistar wani faifan roba da ake ajiyewa a kan ƙasa. A 1892 Percy Ellis na Ingila ya fito da mai ƙusar ƙarfe da kan roba, wanda ya sa wa suna Perfectum. Rabon Grant a tarihin shi ne turken itace, kuma itacen ne ya ɗore.

Da takardar ta zo hannu, sai ya sa wani shago na unguwarsu ya ƙera masa turakun, yana raba wa abokan wasa kyauta. Iyakar abin ke nan. Bai kafa kamfani ba, bai yi talla ba. Ba shi da matsin kuɗi da zai tura shi, ga aikin asibiti ya cika masa hannu. Su kuma ƴan wasa mutane ne masu riƙo da al'ada, rairayi kuwa kyauta ne. Sai dai bai kamata a manta da zamanin ba. A 1896, shekara 3 kafin rajistar, kotun ƙolin Amurka ta halatta wariyar launin fata a wuraren jama'a. Kayan golf a shagunan kulob-kulob ake sayar da su, manyan kulob ɗin kuma na farar fata masu kuɗi ne. Baƙar fata a irin waɗannan wurare yawanci ɗan ɗaukar jaka ne. Ko da Grant ya so ciniki, ƙofofin da zai ƙwanƙwasa ba masu saurin buɗuwa ba ne.

Kwatanta da wata ƙirƙira ta wannan shekara ta 1899 yana nuna inda bambancin yake. A watan Afrilu Coburn Haskell da Bertram Work suka samu takardar mallakar wata sabuwar ƙwallo da aka naɗe cikinta da zaren roba. Work ma'aikacin kamfanin roba na Goodrich ne a garin Akron, wato tun ranar farko akwai masana'anta a bayansu. Ƙwallon ta fi ta dā nisa, Walter Travis ya ci gasar ƴan sha'awa ta Amurka da ita a 1901, Sandy Herd ya ci babbar gasar Birtaniya da ita a 1902, cikin ƴan shekaru kuma tsohuwar ƙwallo ta ɓace. Turken Grant yana cikin aljihun abokansa.

Ya rasu ranar 21 ga Agusta 1910 a gidan hutunsa da ke Chester, jihar New Hampshire, sakamakon ciwon hanta, yana da shekara 63. A dokar Amurka ta lokacin takardar mallakar ƙirƙira shekara 17 take yi, don haka tasa ta ƙare a ƙarshen 1916, masu wasa suna nan suna murza rairayi.

Wanda ya kori akwatin rairayi shi ma likitan haƙori ne. William Lowell na jihar New Jersey ya fara sassaƙa nasa turken a 1921: itace guda ɗaya, kansa da ɗan lotsawa kamar ƙaramin ƙoƙo. Ya shafa masa jan fenti, ya sa masa suna Reddy Tee. A 1922 ya biya fitattun ƴan wasa biyu, Walter Hagen da Joe Kirkwood, dala 1,500 don su riƙa amfani da shi a rangadin wasannin nuni da suke yi. Sukan bar jajayen turakun a ƙasa bayan sun buga, ƴan kallo su yi ta wawaso. Talla ta yi aikinta. Lowell ya samu tasa takardar, amma masu kwaikwayo suka cika kasuwa, ya shafe shekaru yana shari'a da su. Ban ga dalilin kiran abin da Lowell ya yi sata ba: zanensa daban ne, ya fi sauƙin ƙerawa, kuma shi ya fi kama da wanda ake gani a yau. Abin da ya faru shi ne an daɗe ana ba da tarihin kamar daga kansa aka fara.

Shirun da aka yi kan Grant bai zo da mamaki ba in aka dubi halin da wasan yake ciki. Daga 1934 zuwa 1961 kundin ƙungiyar ƙwararrun ƴan golf ta Amurka, PGA, ya tanadi cewa farar fata kaɗai ke zama mamba. Baƙaƙe sai suka riƙa shirya nasu gasannin daban. Charlie Sifford ne ya fara karya shingen a farkon shekarun 1960, Tiger Woods kuma bai ci gasar Masters ba sai 1997.

A 1991 hukumar wasan golf ta Amurka ta amince a hukumance cewa George Franklin Grant ne asalin wanda ya ƙirƙiro turken itace, shekara 92 bayan rajistarsa. Dokokin wasan na yanzu sun ƙayyade cewa tsawon turke kada ya wuce milimita 101.6, kuma kada a ƙera shi ta yadda zai nuna wa ɗan wasa saiti ko ya sauya tafiyar ƙwallo.