Ziryabu, Mawaƙin da Ya Bar Bagadaza

An haifi Abul Hasan Ali ɗan Nafi'u wajen shekara ta 789, ya kuma tashi a Bagadaza a zamanin daular Abbasiyya. An yi masa laƙabi da Ziryabu, wato sunan wani baƙin tsuntsu mai daɗin kuka, saboda duhun fatarsa da zaƙin muryarsa. Ya koyi kiɗa da waƙa a hannun Is'haƙ al-Mausili, babban makaɗin fadar halifa.

Labarin da ya fi shahara shi ne, ranar da aka gabatar da shi gaban Haruna Rashid ya yi waƙar da ta fi ta malaminsa, sai kishi ya kama malamin, ya ba shi zaɓi tsakanin barin gari da fuskantar fushinsa. Ziryabu ya kwashe iyalinsa ya nufi yamma. Ya zauna a Ƙairawan, cikin Tunisiya ta yau, a fadar Ziyadatullahi na ɗaya, daga nan ya ƙetare teku zuwa Andalus bisa gayyatar Sarki Hakam na ɗaya. Sai dai ko da ya sauka a shekara ta 822, ya tarar mai gayyatar ya rasu. Baƙon da ba shi da mai masauki yana gab da juyawa, sai magajin sarautar, Abdurrahman na biyu, ya aika masa da ya ƙaraso Kurɗuba, ya yanka masa albashi mai tsoka.

Abin lura shi ne bai tsaya ga maimaita waƙoƙin da ya zo da su daga gabas ba, ko da yake hakan kaɗai ya isa ya ciyar da shi. Masu tarihi irin su al-Maƙƙari sun ruwaito cewa yakan farka cikin dare da sabon kari a kansa, nan take ya kira kuyangi biyu da ke masa amshi, ya koya musu tun kafin gari ya waye, don kada ya ɓace. Shi ake dangantawa da ƙara tsirkiya ta biyar a jikin udu, wato molon Larabawa, da kuma kaɗa shi da gashin mikiya maimakon itace.

Ya kafa makarantar kiɗa a Kurɗuba, inda ɗalibi yakan fara da kalmomi da ma'aunin kiɗa, sa'an nan kari, sai daga bisani adon murya. 'Ya'yansa maza da mata sun gaje shi a sana'ar. Ya rasu a shekara ta 857 ba tare da ya sake ganin Bagadaza ba, kuma har yau makaɗan nuba a Maroko da Aljeriya da Tunisiya suna ambaton sunansa idan ana zancen asalin kiɗansu.