Filorens Naitingel, Matar da Ta Mai da Taga Magani

Ranar 12 ga watan Mayu na kowace shekara ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya, domin a wannan rana ce aka haifi Filorens Naitingel a shekarar 1820. Jama'a sun fi saninta da labarin fitilar da take riƙewa tana zagaya marasa lafiya da dare. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shekarun da ta yi tana fama da magina da hukuma a kan yadda za a gina ɗakin majinyaci, don ta tabbata cewa ɗaki yana iya warkar da mutum, yana kuma iya kashe shi.

An haife ta a birnin Filorens na ƙasar Italiya lokacin da iyayenta suke yawon buɗe ido, shi ya sa aka raɗa mata sunan garin. Mutanen Ingila ne masu dukiya, kuma mahaifinta da kansa ya koya mata harsuna da tarihi. Tun tana yarinya take son lissafi. A zamanin nan ana ganin jinya aikin ƙasƙanci ne, saboda haka da ta nuna shi take so sai danginta suka ƙi. Ba ta fasa ba. A 1851 ta tafi Kaizaswat a ƙasar Jamus ta koyi aikin, a 1853 kuma aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a Landan.

Ana nan sai yaƙin Kirimiya ya ɓarke, Ingila da Faransa da Turkiyya a gefe guda, Rasha a ɗaya gefen. Cikin watan Nuwamba na 1854 ta isa Sukutari, tsallaken ruwa daga Istanbul, tare da mata 38 masu jinya. Asibitin da ta tarar barikin sojan Turkiyya ne da aka mai da shi wurin kwantar da marasa lafiya. A ƙarƙashin ginin akwai magudanar ƙazanta da ta toshe, wari yana tasowa yana cika dogayen barandu inda aka jera sojoji kafaɗa da kafaɗa, ga iska ba ta da hanyar fita. A hunturun farko sojoji fiye da 4,000 suka mutu a wurin, galibinsu kuwa da atuni da kwalara da zazzaɓi, ba da raunin bindiga ba.

A watan Maris na 1855 gwamnatin Ingila ta aiko da kwamitin tsabta. Suka yashe magudanu, suka buɗe hanyoyin iska, suka gyara ruwan sha, suka shafe bango da farar ƙasa. Bisa lissafin da ita kanta ta yi, a watan Fabrairu kimanin mutum 42 cikin 100 na waɗanda aka kwantar suke mutuwa, zuwa watan Yuni kuwa sai ya koma kamar 2 cikin 100. Da ta koma gida a 1856 ta zauna da wani masanin ƙididdiga mai suna Wiliyam Far suka bi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya, ta ga cewa gini da ƙazantarsa suna da babban hannu cikin mutuwar sojojin. Wannan abu ya tsaya mata a rai har ƙarshen ranta.

A 1859 ta fitar da littafinta kan asibitoci, inda ta zayyana irin ɗakin da take so. Ya zama dogo, mai ɗaukar gado kamar 30, faɗinsa ƙafa 30, tsayin rufinsa ƙafa 16 ko sama da haka. A jera gadaje a jikin bango dama da hagu, a sa manyan tagogi suna kallon juna, aƙalla taga guda ga kowane gado biyu, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Kowane ɗaki ya tsaya shi kaɗai da fili tsakaninsa da na kusa, yadda rana za ta same shi. Wani amfanin wannan tsari shi ne mai jinya guda tana iya ganin kowa daga inda take tsaye, majinyaci kuma ya san ana ganinsa, hankalinsa ya kwanta.

Ba kullum take cin nasara ba. Ta yi ƙoƙarin hana ginin babban asibitin soja na Netli mai doguwar baranda da ke tare wa ɗakuna iska da rana, amma aiki ya riga ya yi nisa. Sai dai asibitin Habat na Wulij da aka buɗe a 1865, da sabon asibitin Sen Tomas na bakin kogin Tems da aka buɗe a 1871, duk a kan irin tsarinta aka gina su. Daga nan tsarin ya bazu ƙasashen da Ingila ta mallaka, kuma duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a dogon ɗaki na tsohon asibitin gwamnati a ƙasar nan ya ga irinsa.

Cikin littafinta na jinya ta wuce zancen iska, ta shiga zancen zuciyar majinyaci. Ta lura cewa marasa lafiya sukan juya fuskarsu wajen haske kamar yadda tsiro yake yi. Ta nuna cewa kallon bango guda na tsawon makonni yana gajiyar da hankali, don haka a ajiye gado inda mai shi zai hangi waje, a kawo furanni, a riƙa sauya abin da yake kallo. Ta hana ƙarar da ke zuwa ba zato, da raɗe-raɗe a bakin ƙofa, da tayar da majinyaci daga barcinsa na farko. A ganinta abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji suna taɓa jiki kai tsaye.

Akwai inda ta bi ra'ayin zamaninta, watau cewa wari da gurɓatacciyar iska su ne suke haifar da cuta. Daga baya aka tabbatar ƙwayoyin cuta ne. Duk da haka shawararta ta yi daidai, domin iskar da take wucewa tana kwashe ƙwayoyin tarin fuka da makamantansu daga ɗaki.

Zazzaɓin da ta kamu da shi a Kirimiya bai sake ta ba, ta yi shekaru masu yawa tana aiki daga kan gado, ana kawo mata zanen asibitoci tana gyarawa. A 1907 Sarkin Ingila ya ba ta lambar girma ta cancanta, ita ce mace ta farko da ta samu. Ta rasu a Landan ranar 13 ga watan Agusta, 1910, tana da shekara 90.

Bayan rasuwarta bincike ya gaskata abin da ta gani da ido. A 1984 wani masani ɗan Amurka, Roja Ulrik, ya duba takardun mutum 46 da aka cire wa matsarmama a wani asibiti a jihar Fensilbaniya. Rabinsu tagarsu tana kallon itatuwa, rabi kuma tana kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun riga sauran komawa gida da kusan kwana guda, kuma ba su bukaci maganin ciwo mai ƙarfi kamar sauran ba. An kuma gane cewa akwai wani ɗan wuri cikin ƙwaƙwalwa mai aiki kamar agogo, hasken da yake shiga ido shi yake saita shi. Idan mutum ya daɗe inda ba ya bambance dare da rana, barcinsa yakan rikice, ransa ya riƙa ɓaci, majinyaci mai tsanani kuma har ya shiga sambatu.

Dogon ɗakinta ma yana da nasa aibi, don babu sirri, kuma nishin mutum guda yana hana sauran barci. Shi ya sa sababbin asibitoci suka koma ƙananan ɗakuna. Amma taga da haske da iska ba wanda ya iya soke su.

Wannan darasi bai tsaya a asibiti ba. 'Yan'uwa da suke zaman neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal sun san ɗakin haya da mutum shida suke kwana ciki, taga guda, ita ma an toshe ta da kwali ko buhunan kaya. Mai neman ɗaki ya tambayi kuɗin haya, ya kuma duba ta ina iska take shiga, ta ina rana take leƙowa. In wani ya kwanta ciwo, a matsar da shimfiɗarsa kusa da taga, a buɗe ta da safe, masu dubiya kuma su rage hayaniya. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya, amin.