Sor Juana: 'yar manomiyar da aka raba da littattafanta

 A wannan fitowa ta bikin cikar shekarar ƙungiya, mu 'yan ajin yaƙi da jahilci aka ba wa shafin tarihi, sai muka zaɓi wata mata daga nesa, ƙasar Meksiko. A 2016 gidan talabijin na Canal Once da ke can ya yi wasan kwaikwayo mai kashi 7 a kanta da harshen Sifaniyanci, mai suna Juana Inés. Ana furta sunan Huwana. Wasa dai ba ya rasa ƙarin gishiri, don haka ainihin rayuwarta muka bi.

An haife ta wajajen 1648 a ƙauyen Nepantla, lokacin Turawan Sifaniya na mulkin mallakar ƙasar. Ubanta bai zauna da su ba. Uwarta, Isabel Ramírez, ba ta iya rubuta ko sunanta ba, amma ita ta riƙe babbar gonar gidansu shekara da shekaru, da leburori da dabbobi da lissafin amfanin gona, duk a ka. Mun san irin waɗannan mata, ai da yawanmu su suka haife mu.

Tana shekara 3 ta bi yayarta makaranta, ta ce wa malamar wai uwarsu ce ta ce a koya mata ita ma. Malamar ta gane ƙarya ce, ta biye mata don wasa, sai ga yarinya ta iya karatu kafin labari ya kai gida. Ta daina cin cuku don ta ji an ce yana toshe ƙwaƙwalwa. Da ta ji akwai jami'a a birnin Meksiko amma maza kaɗai ake ɗauka, ta roƙi uwarta ta sa mata kayan maza ta tura ta. Uwar ta ƙi. Sai ta faɗa wa littattafan kakanta, duka da faɗa ba su hana ta ba. Lokacin da take koyon Latin kuwa, sai ta yanke gashinta ta sa wa kanta wa'adi: in ya tsiro ba ta haddace darasin ba, ta sake yankewa.

Tana budurwa aka ɗauke ta fadar wakilin sarkin Sifaniya, tana yi wa matarsa hidima. Wakilin ya tara malamai kusan 40, masana addini da lissafi da tarihi da waƙa, suka yi ta jefo mata tambayoyi, ta amsa har suka rasa ta cewa. To amma yarinya marar uba tsayayye, marar dukiya, ina ta nufa? Hanya biyu ce a zamanin: aure, ko shiga gidan sistoci na cocin Katolika, inda mata ke keɓe kansu don ibada ba sa aure. Ita da kanta ta rubuta cewa ba ta da sha'awar aure, karatu take so. Ta fara shiga wani gida mai tsananin doka a 1667, ta fito bayan wata 3. A 1669 ta shiga gidan San Jerónimo, ba ta sake fita ba har mutuwa.

A can ta rubuta waƙoƙi da wasannin kwaikwayo, har da wasu baituka cikin Nahuatl, harshen 'yan asalin ƙasar. Akwai wata shahararriyar waƙarta da ta caccaki mazan da ke lalata mace sannan su dawo su zarge ta. Abin da ya fi burge mu, mu masu tara kuɗin adashe, ita ce akantar gidan shekaru da dama, kuɗin shiga da na fita da bashi duk a hannunta. Wata ƙawarta, matar wani wakilin sarki, María Luisa, ta tafi da rubuce-rubucenta Madrid aka buga su a 1689.

Daga nan hassada ta taso. A 1690 Bishop na garin Puebla ya buga wata takarda da ta rubuta tana gyara hujjojin wa'azin wani babban malami, António Vieira, ba da izininta ba. Ya haɗa da wasiƙa da sunan mace na ƙarya, Sor Filotea, yana mata nasiha ta rage karatun duniya. Kun ji fa, ya tura ta rana ya koma inuwa.

Amsar da ta ba shi a watan Maris 1691 ita ce ta sa muka zaɓe ta. Ta ba da labarin wata shugabar gidan da ta hana ta taɓa littafi har wata 3. Sai ta koma nazarin abin da ke gabanta. Ta ga yara na wasan katantanwa, ta sa aka barbaɗa gari a ƙasa don ta ga irin zanen da juyawar ke bari. A madafa ta lura ƙwai na haɗe jikinsa cikin mai amma ya wargaje cikin ruwan sukari, har ta yi wa malamin falsafa Aristotle tsiya cewa da ya yi girki da ya fi haka rubutu. Sannan ta kawo buƙatarta: a bar dattawan mata su yi ilimi domin su koyar da 'yan mata, tunda iyaye da yawa sun gwammace 'ya'yansu su zauna da jahilci da su bar su gaban malami namiji. Duk wadda ta san jajis ɗin Nana Asma'u ta san wannan dabara tana aiki. Ita Juana ba a saurare ta ba.

Masu kare ta sun koma Sifaniya, babban Bishop na birnin kuma, Aguiar y Seijas, mutum ne da ba ya ƙaunar ko ganin mata. A 1692 masara ta yi tsada, yunwa ta sa talakawa suka cinna wa fada wuta, malaman coci suka ƙara tsanantawa. Zuwa 1694 ta daina fitar da rubutu, ta sa hannu a takardar tuba da jininta. Aka sayar da littattafanta, waɗanda marubucin tarihinta na farko ya ce sun kai 4,000, da kayan kiɗa da na bincike, aka ce kuɗin na talakawa ne.

Annoba ta shiga gidan a 1695. Tana jinyar 'yan uwanta sistoci ta kamu, ta rasu ran 17 ga Afrilu. Yau hotonta na kan takardar kuɗin Meksiko ta peso 100, gidan da ta zauna kuma ya zama jami'a mai sunanta. Da aka yi lissafin kayan ɗakinta bayan rasuwarta, an samu littattafai 180 da ɗaurin rubuce-rubuce 15.