Katsushika Hokusai: Mai zanen Japan da ya fara da sassaƙa katako

A ranar 3 ga Yulin 2024, Babban Bankin Japan ya fitar da sababbin takardun kuɗi. A bayan takardar yen 1,000 an buga hoton wata ƙatuwar igiyar ruwa da ta miƙe tana shirin rufta wa kwale-kwale uku, Dutsen Fuji kuma yana can nesa ya zama ɗan ƙarami. Hoton ya kusa shekara 200 da fitowa, kuma wanda ya tsara shi shi ne Katsushika Hokusai, wanda ya rayu daga 1760 zuwa 1849.

Babu gidan tarihin da ke riƙe da ainihin zanen da Hokusai ya yi wa wannan hoto da hannunsa, domin hanyar da ake bi wajen buga irinsa tana cinye zanen farko. Duk waɗanda suka rage kwafi ne da aka buga daga allunan katako da fentin ruwa. Shi ya sa tarihin Hokusai yake tafiya tare da tarihin wannan sana'a, wadda ya shiga tun yana yaro a matsayin ɗan koyon sassaƙa.

Tasowarsa a birnin Edo

An haifi Hokusai a unguwar Honjo da ke gabashin kogin Sumida a birnin Edo, wanda yau ake kira Tokiyo. Edo na da mutane kimanin miliyan ɗaya a wancan zamani, kuma shi ne mazaunin gwamnatin soja ta gidan Tokugawa, wadda ta taƙaita hulɗa da ƙasashen waje ƙwarai. A cikin Turawa, 'yan kasuwar Holan kaɗai ke da izinin ciniki, su ma a tashar Nagasaki kawai, inda 'yan kasuwar Sin suke sauka.

Sunansa na ƙuruciya Tokitaro. Ya tashi a gidan Nakajima Ise, mai yi wa fadar shugaban ƙasar madubi, kuma ya fara zane yana ɗan shekara shida. Ya yi aiki a shagon da ake ba da hayar littattafai, sannan yana kimanin shekara 14 aka kai shi koyon sassaƙa allunan ɗab'i. Shekarun da ya yi da wuƙa a hannu sun sanar da shi irin layin da katako ke iya riƙewa da wanda zai karye.

A 1778 ya shiga gidan Katsukawa Shunsho, wanda ya shahara da zana 'yan wasan kwaikwayo na kabuki. Malamin ya raɗa masa suna Shunro, kuma da wannan suna hotunansa na farko suka fito a 1779.

Yadda ake buga hoto da katako da fentin ruwa

Hotunan da ake kira ukiyo-e, wato hotunan duniya mai wucewa, haja ce ta kasuwa da talakawan birni ke saya. Mutum huɗu ke haɗuwa kafin hoto ya fito: mawallafi da ke zuba kuɗi ya kuma sayar, mai zane, masassaƙi, da mai bugawa. Daga 1790 kuma sai da hatimin masu tacewa kafin hoto ya shiga kasuwa.

Mai zane yakan zana hoton da baƙar tawada a kan takarda maras kauri. Masassaƙi sai ya kife ta ya manna a kan allon itacen ceri, wanda aka zaɓa saboda taurinsa da laushin fuskarsa. Yakan murje bayan takardar har layukan su bayyana, sannan ya bi gefen kowane layi da wuƙa, ya ƙwaƙule sauran katakon. Layukan sai su tsaya a tashe, takardar kuwa ta tafi tare da ɓarɓashin itace. A nan ne zanen asali yake salwanta.

Daga wannan allo na farko ake buga 'yan kwafi a mayar wa mai zane, shi kuma ya nuna inda kowane launi zai zauna. Kowane launi ana sassaƙa masa fuskar allo tasa. Don kada launuka su goce, ana yanka alamomi biyu a gefen kowane allo, ɗaya mai kusurwa ɗaya miƙaƙƙiya, waɗanda ake kira kento. A nan mai bugawa ke saita bakin takarda duk sa'ad da ya ɗora ta. Wannan dabara ce ta sa buga hoto mai launuka da yawa ya kankama daga 1765, lokacin Suzuki Harunobu, Hokusai yana ɗan shekara biyar.

Babban abin da ya bambanta wannan ɗab'i da na Turai shi ne fenti. Turawa na amfani da tawada mai maiƙo da injin matsewa. A Japan ana dama launi da ruwa, a haɗa shi da ɗan ƙullun shinkafa a kan allon, a baza da burushi na gashin doki. Takardar daga ɓawon wani itace da ake kira kozo ake yin ta, kuma sai an ɗan jiƙa ta kafin aiki. Mai bugawa yakan ɗora ta a kan allon ya goga bayanta da baren, wani ɗan faifai da aka naɗe igiya a ciki aka lulluɓe da ɓawon gora. Ƙarfin hannunsa ke tura launin ya shige cikin zaren takardar, shi ya sa launin yake fitowa garau, hasken takardar na ratsa shi.

Ruwan kuma ya ba da damar wata dabara da ake kira bokashi. Mai bugawa yakan shafa jiƙaƙƙen ƙyalle a wani sashe na allon kafin ya sa fenti, sai launin ya fito da duhu a gefe guda yana dusashewa a hankali. Da ita ake nuna sararin sama da zurfin teku. Dole a maimaita ta da hannu a kan kowace takarda, saboda haka da wuya a sami kwafi biyu da suka yi daidai ta kowace fuska.

Sunaye da yawa, gidaje da yawa

Bayan mutuwar Shunsho a 1793, Hokusai ya bar gidan Katsukawa. Ya yi nazarin salon zanen Sin da na wasu makarantun Japan, ya kuma duba hotunan Turai da suka shigo ta hannun 'yan Holan, inda ya koyi yadda ake nuna nisa da kusa a kan shafi. Ya yi shekaru yana amfani da sunan Sori, yana tsara hotuna na musamman da ƙungiyoyin mawaƙa ke biya a buga musu kaɗan da takarda mai tsada. A ƙarshen shekarun 1790 ya ɗauki sunan Hokusai, mai nufin ɗakin aiki na arewa, saboda girmamawar da yake yi wa tauraron arewa a cikin addininsa na Buda.

Ya yi amfani da sunaye fiye da 30 a rayuwarsa, wasu ya bar wa almajiransa, kuma an rawaito cewa ya sauya gida sau 93. Ya zana hotunan littattafan marubuci Takizawa Bakin na tsawon shekaru kafin su raba gari. Ya kuma san yadda ake jan hankalin jama'a: a 1817 a birnin Nagoya, ya zana hoton Daruma, wani malamin addinin Buda, a kan takarda mai tsawon kimanin mita 18 a gaban taro.

A 1814 aka fara buga littafinsa na koyar da zane mai suna Hokusai Manga, mai ɗauke da dubban ƙananan hotuna na masu sana'a, 'yan kokawa, dabbobi, tsirrai da aljanu. Ya kai juzu'i 15, na ƙarshe ya fito a 1878, bayan mutuwarsa.

Dutsen Fuji da sabon shuɗi

Ƙarshen shekarun 1820 ya zo masa da tsanani. Ya yi fama da shanyewar jiki, matarsa ta biyu ta mutu a 1828, wani jikansa kuma ya tara bashin da ya faɗo a wuyan tsohon. 'Yarsa Oei, wadda ita ma ƙwararriyar mai zane ce, ta dawo gida bayan aurenta ya mutu, ta zauna tana aiki tare da shi har ƙarshen rayuwarsa. A cikin wannan hali, yana kimanin shekara 70, ya fara aikin da aka fi saninsa da shi.

Daga wajen 1830, mawallafi Nishimuraya Yohachi ya fara fitar da jerin hotunan Dutsen Fuji ta fuskoki 36. Kasuwa ta karɓe su har aka ƙara goma, suka zama 46. Kafin nan, hotunan 'yan wasa da na kyawawan mata ne suka mamaye kasuwar. Hokusai ya sa ƙasa da ruwa da sama suka zama jigon hoto, ya kuma cika su da masu aiki: masu tsaga katako, masunta, mai gyaran ganga, matafiya da iska ta kwashe wa huluna.

Wani sabon launi ya taimaka ƙwarai. A da, masu bugawa na samun shuɗi daga wata fure da launinta ke saurin koɗewa, ko daga shuni irin na marina. Shuɗin da aka fara haɗawa a birnin Berlin na Jamus a farkon ƙarni na 18 ya daɗe yana shigowa Japan da tsada, sai a ƙarshen shekarun 1820 farashinsa ya sauka. Ba ya saurin koɗewa, kuma yana ba da launi daga mai haske har zuwa mai duhu sosai. A kwafin farko na jerin, hatta layukan zanen da shuɗi aka buga su maimakon baƙi.

Hoton igiyar ruwa ta gaɓar Kanagawa na cikin wannan jeri. Faɗinsa bai wuce santimita 38 ba. Kwale-kwalen da ke ciki irin masu gaggawar kai ɗanyen kifi kasuwar Edo ne, matuƙansu sun duƙa sun manne da jirgi, kumfar igiyar kuma ta rarrabu kamar farata. Farin kumfar launin takardar ne, wurin da masassaƙi ya ƙwaƙule don kada fenti ya taɓa. An buga dubban kwafi, ana sayar da kowanne a kan abin da bai fi kuɗin kwano biyu na taliya ba. Yawan bugawa ya sa allunan suka riƙa cinyewa, kuma ta wuraren da layuka suka karye ne masana a yau suke gane kwafin farko da na baya.

Tsohon da bai yarda ya gama koyo ba

Nasarar ba ta raba shi da talauci ba. A tsakiyar shekarun 1830, lokacin da yunwa ta addabi Japan, ya ɓuya a garin Uraga saboda masu bin bashi. Daga can ya ci gaba da aika wa mawallafa wasiƙu kan yadda za a sassaƙa zanensa. Ya nemi a ba Egawa Tomekichi aikin, masassaƙin da ya amince da hannunsa, ya kuma yi ƙorafin cewa wasu masassaƙa na sauya masa siffar ido da hanci zuwa salon gidan Utagawa da ake yayi. Ya san aikin wuƙa, don haka yana gane inda aka karkatar da layinsa.

A 1834 ya fara fitar da littafin hotunan Fuji ta fuskoki 100, ya sa hannu da wani sabon suna mai nufin tsohon da zane ya zautar. A bayanin da ya rubuta a ƙarshen juzu'in farko, ya nuna cewa bai ɗauki ayyukansa na kafin shekara 70 da muhimmanci ba, kuma yana sa ran ƙwarewarsa za ta cika idan ya wuce shekara 100.

A 1839 gobara ta cinye gidansa tare da zane-zanen da ya tara shekaru da yawa. Ya koma aiki. A shekarunsa na ƙarshe ya rage tsara hotunan ɗab'i, ya fi mayar da hankali ga zane da burushi a kan takarda da siliki. Yana da shekara 80 da ɗoriya ya riƙa tafiya garin Obuse, a lardin Nagano na yau, bisa gayyatar attajiri Takai Kozan, inda ya zana rufin kekunan bikin garin.

Ya mutu a Edo ranar 10 ga Mayun 1849, yana da shekara 88, wato 90 a lissafin Japan na lokacin. An rawaito cewa a kan gadon mutuwarsa yana fatan a ƙara masa shekara goma, ko ma biyar, don ya zama mai zane na gaskiya. An binne shi a wurin ibada na Seikyoji da ke yankin Asakusa. Ana ƙiyasta ayyukan da ya bari sun kai 30,000.

Bayan mutuwarsa

Shekaru kaɗan bayan mutuwarsa Japan ta buɗe tashoshinta, hotunan katako suka fara kwarara zuwa Turai, musamman bayan baje kolin duniya na Paris a 1867. Mai zanen Faransa Claude Monet ya tara su ya rataye a gidansa na Giverny. Vincent van Gogh ya yaba hoton igiyar a wasiƙarsa ga ƙaninsa Theo a 1888. Edmond de Goncourt ya wallafa littafi a kan Hokusai a 1896, sannan a 1905 mawaƙi Claude Debussy ya sa igiyar a bangon kiɗansa mai suna La Mer.

A 2016 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a gundumar Sumida inda aka haife shi, kuma daga 2020 shafukan fasfon Japan ke ɗauke da hotuna daga jerin Dutsen Fuji. A watan Maris na 2023, kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da kwafi ɗaya na hoton igiyar a Amurka a kan fiye da dala miliyan 2.7.

Sunan Hokusai na rubuce a kusurwar hagu ta sama ta hoton. Masassaƙin da ya yanka faratan kumfar da mai bugawar da ya goga shuɗin da hannunsa ba a rubuta sunayensu a jiki ba. Sana'ar tasu dai ba ta mutu ba, domin har yau akwai ɗakunan aiki a Tokiyo da Kyoto da ke horar da masassaƙa da masu bugawa da itacen ceri, ƙullun shinkafa da baren.